Yadda aka keɓe wurin wanka da gilashi a wani tsohon banɗaki a Malali

Gidan na ƙasa ne, a unguwar Malali ta Kaduna, irin ginin da ya haura shekara talatin: bulo mai inci 9 a bangon waje, mai inci 6 a ciki, ruwa kuma daga burtsatse zuwa tanki. Mahaifiyar maigidan ce za ta baro Zariya ta dawo wurinsa da zama saboda ciwon gwiwa, sai aka ware mata ɗakin baƙi, wanda banɗakinsa ke ciki. Banɗakin tsawonsa santimita 240, faɗinsa 170. Ƙofa tana wannan ƙarshen, taga tana wancan, masai na zama yana jikin bangon hagu wajen tsakiya, wurin wanke hannu kuma daf da ƙofa. Shawa tana saman bango kusa da taga, ba abin da ya raba ta da sauran wurin.

Koken mutanen gidan shi ne duk wanda ya yi wanka sai ya jiƙa banɗakin kaf, ruwa ya taru a bakin ƙofa, ya kwana bai bushe ba. Ga kuma bangon da ya raba banɗakin da ɗakin kwana, fentinsa ya kumbura yana zuba daga ƙasa har zuwa kusan gwiwa. Shekara da shekaru ana ɗora wa damina laifin wannan bangon, ana sake fenti bayan kowane Oktoba. Ni da aka kira ni in duba a matsayin injiniya, a watan Maris ne, wata biyar ba a ga ɗigon ruwan sama ba, amma na dafa bangon na ji sanyin laima. Bangon ma na ciki ne, ruwan sama ba ya taɓa shi. Daga banɗakin ruwan yake ratsowa.

Abin da Alhaji ya so saye

Kafin a kira ni, maigidan ya riga ya zaga shagunan kayan gini na wajen Ahmadu Bello Way, ya ga abin da ya kwanta masa a rai: ɗan ɗakin wanka da ake kawowa a haɗe daga waje, santimita 90 a 90, mai lanƙwasasshiyar ƙofar ja, da tiren roba mai ƙyalli da ake tsayawa a kai, da katon kan shawa a sama, da ƙananan bakuna a bango masu feso ruwa a baya, har da fitila shuɗiya. Niyyarsa mai kyau ce, so yake ya faranta wa mahaifiyarsa. Mai shagon kuma ya ce masa a yini ɗaya ake haɗa shi, ba sai an fasa komai ba.

Wannan kalmar ta "ba sai an fasa komai ba" ita ce ta fi jan hankalinsa, kuma ita ce ta fi damuna. Idan aka ɗora tire a kan daɓen da dama yake tsotse ruwa, an rufe matsalar ne inda ido ba zai ƙara ganinta ba. Sai dai ban fara da wannan ba, na fara da tanki.

Tankin gidan yana kan ƙarfe mai tsayin mita 3. Kan shawa yana kusan mita 2 daga ƙasa. Ƙarfin ruwan da ke sauka da nauyinsa ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin saman ruwan tanki da bakin da yake fitowa, kowace mita 10 tana ba da kusan bar 1 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa). A gidan nan, in tanki ya cika tazarar ta ɗan haura mita 2, in ya kusa ƙarewa ta koma mita 1. Ke nan bar 0.1 zuwa 0.2 ake da shi. Su kuwa irin waɗannan ɗakunan masu feshi, galibinsu bar 2 ko fiye suke nema, wato sai an ɗaga tankin mita 20 sama, ko kuma a sa injin ƙara ƙarfin ruwa wanda ba ya motsi sai da wuta. Na ɗauko bokiti mai lita 10 na tara a ƙarƙashin tsohuwar shawar, muka tsaya da agogo. Ya haura minti uku kafin ya cika. Alhaji ya ce, "Injiniya, to ai da ma haka take, mun saba." Na ce masa wannan ruwan in aka raba shi ga bakuna shida da katon kai ɗaya, abin da Hajiya, mahaifiyar tasa, za ta samu bai wuce tsiyaya ba.

Abu na biyu ban ma sha wahalar bayaninsa ba, uwargida ce ta kawo shi. Ta tambayi tsayin tiren daga ƙasa, aka ce ya kai kamu ɗaya. Ta ce, "Alhaji, Hajiya fa ko matakalar baranda sai an riƙe ta. Kuma a zaune take wanka. Ina za a sa kujera, a sa bokiti, ni ko yarinyar nan mu tsaya mu cuɗa mata baya?" Aka zana 90 a 90 da alli a daɓen falo, aka yanke kusurwa ɗaya kamar yadda ƙofar take a lanƙwashe, aka ajiye kujerar roba da bokiti a ciki. Wurin da ya rage ko ƙafar mutum ɗaya ba zai ɗauka ba. Daga nan ba wanda ya ƙara ambaton fitila shuɗiya.

A ganina nan ne yawancin masu sayen irin wannan kaya suke kuskure. An ƙera shi ne don mutum ɗaya da zai shiga a tsaye, ya buɗe ruwa mai ƙarfi, ya fito. Mu kuwa a gidajenmu bokiti bai bar banɗaki ba ko da an sa shawa, don ranar da tanki ya ƙafe ko aka dafa ruwa a murhu, shi ake komawa. A nan ake wanke ƙafa, a nan ake wa yara wanka, wani lokaci har ɗan wanki. Tiren roba kuma ba ya jure ƙafar kujera da jan bokiti, yakan karce, in ƙarƙashinsa bai samu madogara mai kyau ba ya tsage. Ranar da tayar ƙofa ɗaya ta karye kuwa, sai ka zaga kasuwa ka rasa irinta.

Abin da aka tsayar

Muka yanke shawarar a keɓe ƙarshen banɗakin gaba ɗaya, ɓangaren taga: faɗin 170, zurfin 95. Bango uku dama suna nan, gilashi zai rufe na huɗu. Gilashi tsayayye mai faɗin santimita 100 a gefen masai, don kada ruwa ya fallatsa kansa, sai ƙofa mai kusan 70 a gefen dama.

An ɗan yi jayayya a kan ƙofar. Mai gilashi ya fi son ta ja, don ita ya fi sabawa da ita. Na ƙi, saboda layin da take gudu a kai yana ƙasa, daidai inda ƙafar Hajiya za ta bi, kuma duk wanda ya taɓa share layin tagar alminiyam a Kaduna bayan hunturu ya san abin da ƙura da ruwa suke zama a ciki. Aka tsaya a kan mai hinji, mai buɗewa waje. Dalilin buɗewa waje shi ne, Allah ya kiyaye, in mutum ya faɗi a ciki, jikinsa ba zai tokare ƙofar ba. Mun gwada da tef muka ga in ta buɗe ba ta taɓa masai.

Da aka kira Hajiya a waya aka yi mata bayani, sharaɗi ɗaya ta kafa. Ta ce wa uwargida, "Ki faɗa wa yaron nan ni ba zan yi wanka a cikin madubi ba." Ba ta kama sunansa, shi ne ɗan fari. Aka zaɓi gilashi mai hazo, wanda haske ke ratsawa amma ba a ganin mutum. Ya ma fi, domin tsoho mai raunin gani yana iya kai wa gilashi garau karo, kuma mai hazon yana ɓoye tabon sabulu.

Aikin da ba a gani

An fasa daɓen banɗakin duka, an kuma cire tayil ɗin bango a ɓangaren wanka. Abin da aka tarar a ƙasa ya bayyana komai. Yashin da ke ƙarƙashin tayil jiƙe yake sharkaf, yana wari. Bututun fitar ruwa mai inci ɗaya da rabi ne, ya tsage a gaɓa, kuma kai tsaye ya tafi ya haɗu da layin masai ba tare da lanƙwasa mai riƙe ruwa ba. Shi ya sa banɗakin ke tashi da warin sokawe da rana tsaka, kuma ta nan kyankyasai ke fitowa. Rariyar kanta tana wurin da ya fi bakin ƙofa tudu. Ruwa ba ya hawa tudu, sai ya nufi ƙofa.

Mai famfo ya shimfiɗa sabon bututu mai inci 2, ya sa rariya mai lanƙwasa a cikinta, wadda ruwan da ke kwance a ciki ke toshe wa wari hanya. Aka sa ta a kusurwar da ta fi nisa da ƙofar gilashi. Daɓen wurin wanka aka saukar da shi santimita 2 ƙasa da sauran banɗakin, maimakon a gina ɗan dakali da za a riƙa tsallakewa, sannan aka ba shi gangara ta kusan santimita 2 a kowace mita zuwa rariya. In gangarar ta gaza haka ruwa yakan kwanta, in ta yi yawa kujera ba ta zama daidai. Sauran banɗakin ma an ba shi 'yar gangara zuwa can, don ruwan wanke daɓe ya san inda zai bi.

Tsohon bututun ruwa na rabin inci ne tun daga gindin tanki, da gwiwoyi barkatai. Aka maye shi da mai inci uku bisa huɗu har zuwa bangon banɗaki, a ciki kuma aka yi amfani da bututun roba na PPR, wanda ake haɗawa da zafi, saboda za a sa hita, shi kuwa PVC na ruwan sanyi yakan yi laushi in zafi ya kai kusan digiri 60. Masu walda daga Panteka suka ƙera sabon ƙarfen tanki mai mita 6, da gindi mai faɗi da aka binne cikin kankare. Tankin lita 2,000 in ya cika tan biyu ne, ba a ɗora shi kan ƙarfen da aka ƙara wa tsawo da jone-jone. Da aka gama, bokitin lita 10 ya riƙa cika cikin kusan minti ɗaya da rabi. Ba ƙarfin otal ba ne, amma ya isa, kuma ko an ɗauke wuta yana nan.

Kafin a rufe bango na sa aka yi abu biyu da masu aiki suka ɗauka ɓata lokaci ne. Na farko, aka ɗauki hoton kowane bango da tef a miƙe a jikinsa, don ranar huda a san inda bututu ya bi. Na biyu, aka fasa bulo a wuraren da hinjin ƙofa da ƙarfen dafawa za su zauna, aka cika ramukansa da kankare. Bulonmu cikinsa rami ne, fatarsa ba ta da kauri, wani ma da yatsa kake marmashe shi. Gilashi mai kaurin milimita 8 nauyinsa kilo 20 ne a kowace murabba'in mita, don haka ƙofa mai 70 a 190 ta kusa kilo 27, kuma kullum za a riƙa kaɗa ta. Shi kuma ƙarfen dafawa, ranar da za a buƙace shi da gaske, nauyin mutum gaba ɗaya zai sauka a kansa lokaci guda.

Sai shafin hana ruwa ratsawa, irin wanda ake kwaɓawa kamar siminti a shafa da burushi. Nan ne muka fi daɗewa da mai tayil. Dattijo ne mai hannu, aikinsa ba makusa, amma ya tsaya kai da fata cewa asarar kuɗi ce. "Injiniya, shekara nawa ina wannan aiki? Tayil ba ya shan ruwa." Gaskiyarsa ta wannan fuskar, tayil mai ƙyalli ba ya sha. Simintin da ake cike tsakaninsu da shi ne ke sha, kuma da shekaru yakan yi ƙananan tsaga, musamman a kusurwar da bango ya haɗu da daɓe. Na nuna masa tulin jiƙaƙƙen yashin da aka kwashe, yana nan a tsakar gida, na ce ai wancan ma tayil ne a samansa. Ya yi dariya ya ce a kawo burushi.

Aka shafa sau biyu, na biyu a gicciye da na farko bayan ya sha iska, da ƙyallen raga a kowace kusurwa da kewayen rariya. A ɓangaren wanka aka hau bango har mita 2, a sauran banɗakin kamu ɗaya daga ƙasa. Da ya bushe aka toshe rariya da leda da tsumma, aka tare bakin wurin da bulo da kwaɓi, aka zuba ruwa ya kai gaɓar yatsa biyu, na ja layi da fensir daidai saman ruwan. Washegari da hantsi muka dawo. Ruwan ya sauka ƙasa da layin da kusan faɗin yatsa, fiye da abin da iska za ta iya ɗauka a rufaffen ɗaki cikin dare ɗaya. Mai famfo ya durƙusa da tocila yana bin gefe-gefe, ya ɗiga ɗan shuɗin bula kusa da rariya, muka ga launin yana tafiya a hankali yana shigewa ta gefen wuyanta, wurin da raga ta ɗan ɗaga ba ta kama ba. Ramin bai kai ƙwayar gero ba. Aka zubar da ruwan, aka gyara, aka jira, aka sake cikawa awa 24. Wannan karon layin fensir da ruwan ba su rabu ba. Mai tayil bai ce komai ba, amma da kansa ya ƙara shafa wa bakin taga.

Tayil ɗin daɓe an zaɓi ƙanana, 30 a 30, marasa ƙyalli. Manyan nan na 60 a 60 da ake yayi ba sa bin gangara sai an yayyanka su, kuma yawancinsu in suka jiƙa da sabulu santsi suke yi. A shagon muka zuba ruwa a kan samfuri uku, uwargida ta murza tafin hannu a kan kowanne, ta ɗauki wanda ya fi kama hannu, ko da yake ba shi ya fi kyau ba.

Famfo, hita da gilashi

An sa kan shawa na sama, matsakaici, irin wanda ke aiki da ruwa mai rauni. An ƙara shawar hannu mai tiyo, wadda mai zaune zai iya kaiwa, da famfo a ƙasa daidai tsayin da bokiti zai shiga, wanda kuma shi ne na buta da wanke ƙafa. A ƙarshe wannan famfon na ƙasa shi ya fi kowanne aiki.

Hita kuwa, Alhaji ya so irin ƙaramar nan mai dumama ruwa nan take. Lissafinta bai yi ba. Mai ƙarfin wat 3,500 tana jan sama da amfiya 15, janaretan gidan ba zai ɗauka ba, kuma abin da za ta iya shi ne ƙara wa lita 3 a minti zafin kusan digiri 17. Da asubahin Janairu, ruwan da ya kwana a tanki a sama cikin iskar hunturu, wannan bai kai ko'ina ba. Aka sa mai tara ruwa, lita 30, wat 1,500. Takan ɗauki kusan awa ɗaya ta yi zafi, amma in ta yi, ko an ɗauke wuta da dare ruwan na nan da ɗumi har safe. Aka rataye ta a wajen gilashi, makunninta a wajen banɗaki. Mai wayarin ya duba ya ga gidan ba shi da wayar da ke sauke wuta ƙasa ta kirki, sai aka kafa sabon ƙarfe a ƙasa, aka sa wa layin hitar na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa. Wannan ban yarda a yi ciniki a kansa ba.

Gilashi shi ne na ƙarshe, kuma ba a auna shi ba sai da tayil ya gama zama. Wani mai alminiyam da ya zo ganin aikin ya ce zai yi da gilashin taga mai milimita 5 a rabin kuɗi, washegari ma a gama. Araha ba ta ado. Gilashin taga in ya fashe dogayen tsini yake yi masu yanka, ga mutum ba sutura, ga ƙasa a jiƙe. Wanda ya dace shi ne gasasshe, wanda ake zafafawa ya haura digiri 600 sannan a sanyaya shi da sauri. Ya ninka na taga ƙarfi sau huɗu zuwa biyar, in ya fashe kuma ƙananan gutsattsari yake zama. Sai dai bayan an gasa shi ba a yanka shi, ba a huda shi, in ka taɓa ya tarwatse. Saboda haka duk mai gilashin da ya ce maka zai rage shi a wurin aiki in ya yi yawa, ya faɗa maka da bakinsa cewa ba gasasshe ba ne. Akan kuma sami tambarin masana'anta a kusurwarsa.

Aka auna faɗin a ƙasa, a tsakiya, da sama. Bambancin sama da ƙasa ya kai milimita 12, don bangon hagu ya ɗan kishingiɗa, abin da ido ba ya gani. Aka aika awon da wuraren hudar hinji, aka jira kusan mako biyu. Da ya iso, tsayayyen aka zaunar da shi cikin siririn layin ƙarfe da ke jikin bango, wanda ya shanye karkacewar, da 'yan robobi a ƙarƙashinsa don kada bakinsa ya taɓa tayil, domin baki shi ne raunin gasasshen gilashi. Aka ɗaure samansa da sanda zuwa bango. Hinji da ƙarfen dafawa duk na sitilas mai lamba 304 ne. Akwai mai lamba 201 a kasuwa, a ido kamarsu ɗaya, amma a wuri mai laima ba ya daɗewa sai ɗigon tsatsa ya fito masa. Aka bi gefuna da silikon mai hana baƙin gansakuka, aka rufe banɗakin awa 24.

Da aka haɗa kuɗin aikin, gilashi da ƙarafunansa ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran ya tafi ne a ƙarƙashin tayil, cikin bango, da kan ƙarfen tanki. Jimillar ta ɗara kuɗin wancan na shago, kuma aikin ya ci kusan wata guda maimakon yini ɗaya.

Bayan an fara amfani

A makon farko aka ga ruwa yana ɗan fitowa ta ƙarƙashin ƙofa duk lokacin da aka juya shawar hannu wajenta. Robar da ke bakin ƙofar ta ƙasa ta yi gajarta, aka canza ta da mai leɓe, abin ya tsaya. Irin wannan robar takan bushe ta yi rawaya da shekaru, don haka na ce a sayi ta biyu a ajiye.

Bangon ɗakin kwana ba a yi masa fenti nan take ba. An kankare shi aka bar shi tsirara har zafin Afrilu ya busar da shi, sannan aka yi filasta da fenti. Ya wuce Agusta da Satumba bai kumbura ba. Abin da ya rage shi ne ruwan burtsatsen gidan, wanda ke barin ɗan jan tabo a layin tayil da bakin shawa. Ana goge gilashin da roba bayan wanka, ana jiƙa kan shawar a ruwan tsami lokaci-lokaci, kuma an yi maganar sa matata a gindin tanki, amma har yanzu ba a sa ba.

Da Alhaji ya zo gyaran banɗakin yara daga baya, aka maimaita duk aikin ƙasa, gangara da rariya da shafi da gwajin ruwa. Gilashi ne kawai ba a sa ba. Yara maza huɗu ne ke amfani da shi, don haka aka gina rabin bango da bulo mai inci 4, aka lulluɓe shi da tayil, aka rataya labulen roba a bakin.